Jami'an Bunƙasa Kasuwanci: Masu Nemo Wa Kamfanonin Ƙera Jiragen Sama Ciniki

A watan Yunin 2023, a bikin baje kolin jiragen sama na birnin Paris, kamfanin IndiGo na ƙasar Indiya ya ƙulla yarjejeniyar sayen jirage 500 daga dangin A320 na kamfanin Airbus. Rattaba hannu kan takarda bai wuce 'yan mintuna ba, amma ciniki irin wannan yakan ci watanni, wani lokacin shekaru, ana kai-kawo. Masu yin wannan ɗawainiya a bayan fage su ne jami'an bunƙasa kasuwanci.

Aikinsu ya sha bamban da na mai talla. Jirgin fasinja yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, saboda haka mai saye lissafi yake bi. Man da jirgin zai sha a kan kowace kujera nawa ne? Zai iya tashi da cikakken lodi daga gajeren titi a lokacin tsananin zafi, sa'ad da iska ke yin sauƙi, ƙarfin ɗagawa ya ragu? Bayan awa nawa za a kwance injin a yi masa garambawul? Jami'in da bai iya zama da injiniyoyi ya fahimci amsoshin nan, sannan ya mayar da su lissafin riba da asara, ba zai daɗe a teburin ciniki ba. Shi ya sa da dama daga cikinsu injiniyoyi ne ko matuƙa jirgi da suka ƙaro ilimin kasuwanci. John Leahy, wanda ya jagoranci sashen ciniki na Airbus daga 1994 har ya yi ritaya a 2018, matuƙin jirgi ne mai digiri na biyu a fannin kasuwanci.

A ɓangaren injina lamarin ya fi sarƙaƙiya. Kamfanoni irin su Rolls-Royce sun fi samun riba daga kula da injin fiye da sayar da shi, ta hanyar kwangilar da mai jirgi ke biya bisa kowace awa ta tashi. Idan aka yi kuskuren ƙiyasta kuɗin gyara a ranar ciniki, kamfanin zai yi ta ɗaukar asara tsawon shekarun kwangilar.

Najeriya ma ta zauna a irin wannan teburi, amma a kujerar mai saye. Air Peace ya yi odar jirage samfurin E195-E2 daga Embraer na Brazil a 2019, Ibom Air ya yi odar A220 guda 10 daga Airbus a baje kolin Dubai na 2021, sannan a shekarar ce Rundunar Sojin Sama ta karɓi jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, bayan amincewar gwamnatin Amurka. Mai saye ma yana bukatar gwanin da ya san farashi da sharuɗɗa, musamman batun kayan gyara da horar da ma'aikata, inda kuɗi ke zurarewa daga baya.

Sana'ar tana da tarkonta. A watan Janairun 2020, Airbus ya amince ya biya tarar kimanin Yuro biliyan 3.6 ga hukumomin Faransa, Birtaniya da Amurka kan zargin cin hanci, kuma Ghana na cikin ƙasashen da aka ambata a binciken. Sanin dokokin yaƙi da rashawa da na fitar da kayan soja ya zama wajibi a aikin.

Ba kasafai ake fara wannan aiki kai tsaye daga makaranta ba. Matashin da ya karanta injiniyancin jiragen sama a Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna, ko ya samu horo a Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, yakan fara ne da aikin gyara, tsara zirga-zirga ko shirya takardun neman kwangila, kafin a damƙa masa abokin ciniki na kansa.