Ba Kowane Tabo Ne Dawowar Ciwo Ba

'Yan'uwa, wanda aka yi wa gashin ciwon daji a ka, bayan wata 6 zuwa shekara 3 hoton ƙwaƙwalwarsa zai iya nuna sabon tabo. Mun ga iyalin da suka karaya, har suka sayar da shanu, suna zaton ciwon ya komo. Sau da yawa ba haka ba ne. Hasken gashin ne ya raunana ƙananan jijiyoyin jini, wurin ya kumbura. Likita yakan gwada sabon hoto da tsohon, ya sake ɗauka bayan 'yan watanni kafin ya tabbatar. Saboda haka mu adana tsofaffin hotuna kamar yadda muke adana iri. Amma in farfaɗiya ko matsanancin ciwon kai ya taso, a koma asibiti ran nan.