Kafin ku sayi tarakta, ku auna tsakanin itatuwanku

Idan ƙungiyarku ta tara kuɗin tarakta, kada ku fara da zuwa wurin mai saidawa. Ku ɗauki igiya ku shiga gona, ku auna tsakanin icce da icce, ku duba inda rassa sunka sunkuyo. Wannan awo shi ne za ya gaya muku girman motar da ta dace da ku.

Ga dalili. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, hatsi ya yi kyau ƙarƙashinsa, da rani kuma bisashe su ci ƴaƴansa. Kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. Babbar mota ba ta iya juyawa cikin irin waɗannan gonaki, sai direba ya ce a sare. In kunka yarda, kun saida takin shekaru don noman yini guda. Dokar daji ta 2004 ma tana nan, ƴan gandun daji ba su barci.

Gonar da ke da itace, ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 40 ta isa. Ku zaɓi wadda tayoyinta huɗu duka ke ja, don rairayi. Ta kasance da ƙarfen kariya bisa kan direba: taya ɗaya in ta hau kututture a gangare, mota na iya kifewa da mutum. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuwa ba su san tsadar taya ba, ku nemi taya mai kauri. Ku tambaya kuma ko ana samun kayan gyaranta Tawa ko Ƙwanni, musamman matatar iska, wadda ƙurarmu ke toshewa da wuri. Motar da za ta jira ƙarfe daga Yamai cikin watan Yuli ta rasa damina.

Abin da kunka ɗaura mata baya ya fi ita kanta ɓarna. Garmar faifai tana yanke saiwa, tana niƙe jigawa har iska ya kwashe. Tana kuma kashe tohon kalgo da sabara da kunka raina da sassabin zamani, don direba ba ya ganinsu daga kujera. Ku kafa sanda mai jan ƙyalle jikin kowane toho, yaro ya wuce gaba yana nunawa. Gindin icce a bar ma hauya. Ni a ganina, kan jigawa amalanke ya fi garma amfani: kai taki gona, ɗauko duwatsu na jera tarin ruwa.

Fako mai dutse kuma ba aikinta ba ne. Aikin Kaita da aka soma a 1984, manyan injuna ne sunka fasa tudu, mata da maza sunka jera dutse da hannu. Wanda ya ce muku ƙaramar mota za ta fasa fako, ku ce ya zo ya gwada gabanku kafin ku ƙirga kuɗi.