Doka Ta Zo, Wa Zai Yi Cefane?

Maigida ya dawo daga masallaci ya ce wa uwargida, "Daga gobe a riƙa zuba wa almajiran zaure tuwo." Magana mai kyau, ga lada. Sai dai ko sisi bai ƙara a kuɗin cefane ba. To, haka sabuwar doka kan fito daga Majalisar Tarayya: a buga guduma, shugaban ƙasa ya sa hannu, a ɗauki hoto, a bar ma'aikatar gwamnati da tukunya da ludayi.

Me uwargida za ta yi? Ta ƙara wa miya ruwa. Ma'aikatar ma haka: a rage tafiye-tafiye, a ɗage gyaran mota, ma'aikaci ɗaya ya ɗauki kayan jakuna biyu. In miya ta fara komawa ruwan rijiya, sai a koma wa maigida da ƙoƙon bara, shi ne ƙwarya-ƙwaryar kasafi da ake kai wa majalisa a tsakiyar shekara. Wata kuwa ba ta jira, sai ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, kamar yadda NAFDAC ke karɓar kuɗin rajistar magani da abinci. Kuɗin ƙosan nan fa, mai saye, daga aljihunka yake fita.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta ware mudu tun bakin buhu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce a cire kashi 2 cikin ɗari na asusun gwamnatin tarayya a ba hukumar ilimin bai-ɗaya, wato UBEC. Amma abin adashi ne: sai jiha ta zuba nata daidai wa daida kafin ta kwasa. Gwamna ya ƙi zubi, kuɗi su kwanta a Abuja kamar hatsi a rumbun da aka ɓatar da makullinsa, yara kuma na zaune a ƙasa a aji.

Ko mudun da aka ware ma, sai mai buhu ya kwance baki. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na wannan asusun don ƙananan asibitoci, amma kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018. Shekara kusan huɗu tukunya na kan murhu babu wuta.

Saboda haka in ka ji ɗan majalisarku a rediyo yana tinƙaho da sabuwar doka, tambaye shi: ranka ya daɗe, ina kuɗin cefanen?