Gwajin Sabon Ruwan Wanke Hoto a Ɗakin Duhu

Ko da ya ke yawancin mutane yanzu da wayar hannu su ke ɗaukar hoto, har yau akwai malamai da ba su bar ɗakin duhu ba, don babu darasin da ya ke nuna wa almajiri aikin haske ƙuru-ƙuru kamar ya ga fuska ta bayyana a kan farar takarda cikin faranti. Takardar hoto kuwa daga ƙasashen waje ta ke zuwa, da tsada. Saboda haka kafin malami ya sake ruwan da ya saba da shi, ya kamata ya san abin da ya ke saye.

Ruwan da mu ke nufi shi ne na farko cikin uku, watau mai fito da hoto. Takarda tana ɗauke da gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa, ruwan nan ya kan mai da gishirin baƙar azurfa. Tsohon haɗi, irin su Dektol na Kodak, da magani biyu ya ke aiki, metol da haidirokwinon. A 1940 wani masani a kamfanin Ilford na Ingila, J. D. Kendall, ya gano fenidon yana yin aikin metol, kuma ɗan kaɗan ya isa: inda sanannen haɗin D-72 ya ke cin giram 3 na metol a lita guda, haɗin ID-62 rabin giram na fenidon ya ke ci. Ban da haka metol ya kan sa wa waɗansu ƙaiƙayi da ƙuraje a hannu, fenidon kuwa bai cika yin haka ba. Wannan ya sa muka gwada Bromophen, wanda ke da fenidon, a kwalejinmu.

Gwaji na gaskiya sharaɗinsa ɗaya ne, kada a sake kome sai ruwan. Muka ɗauki dodon hoto guda, watau wankakken fim, mai farar riga da inuwa mai duhu. Takarda daga fakiti ɗaya, haske daidai da daidai, faranti biyu gefe da gefe. Dektol kashi 1 da ruwa kashi 2, Bromophen kashi 1 da ruwa kashi 3. Kowace takarda ta yi minti 2 cur ana girgiza farantin. A nan ne mutane da yawa su ke zaluntar sabon ruwa: da sun ga hoto ya yi duhu ƙarƙashin jar fitila sai su fizge shi, ya fito toka-toka, su ce ruwan ba shi da kyau. Jar fitila tana ruɗin ido. Sai an kafe hoto cikin haifo, an ɗauraye, ya bushe, sa'an nan a duba shi da hasken rana, gama hoto ya kan ƙara duhu in ya bushe.

Zafin ruwa ma abin lura ne. Masu yin magungunan nan digiri 20 na santigiret su ke nufi. Cikin watan Afrilu ruwan famfo ya kan wuce haka nesa, ruwan wanki ya yi saurin zama ja kamar shayi, farin hoto ya dushe. Ruwan randa ya fi, ko kuwa a yi aiki da asuba. Da hunturu akasin haka ne, don haidirokwinon ya kan yi kasala cikin sanyi, baƙin hoto ya ƙi nuna.

Da muka jera hotunan farko, da ƙyar ido ya ke rarrabe su. Bambanci sai can wajen ƙarshen yini: tsohon haɗin ya fara jinkiri, sabon kuwa yana nan da ƙarfinsa. Dalili shi ne kowace takarda tana zubar da buromaid cikin faranti, buromaid kuwa ya fi danne metol bisa ga fenidon. Ga aji mai almajirai da yawa masu jiran faranti ɗaya, wannan ya ishe mu dalilin komawa gare shi. Amma matsefata ba mu ajiye ta ba, don haidirokwinon yana cikin duka biyun, kuma ba mu yarda almajiri ya tsoma yatsa ba.