Abin da Baƙo Yake Gani a Makarantar Sinawa

Baƙon da aka zaga da shi makarantar gwamnati a Shanghai ko Chengdu kusan labari ɗaya yake komowa da shi. Ranar Litinin da safe yara sun jeru a fili ana ɗaga tuta, 'yan firamare kowa da jan ƙyalle a wuya. Da hantsi lasifika ta saki kiɗa, makaranta kaf ta fito motsa jiki, hannuwa na tashi lokaci guda. Can kuma aji ya yi tsit, kowa ya runtse ido yana murza gefen hanci da girarsa da yatsu. Tausar ido ce da aka shigo da ita makarantu tun 1963. Yara ke share ajinsu, 'yan babbar sakandare kuwa sukan zauna bitar dare har ƙarfe tara ko goma. Daga nan baƙo sai ya yanke hukunci: ko ya ce barikin soja ne, ko ya ce ga sirrin ci gaban Sin. An ce gani ya kori ji, amma a nan ganin ne ke ruɗin mutum, domin abin da ke juya makarantar ba ya cikin filin fareti.

Abin da ke juya ta jarrabawa ce guda, gaokao, ta shiga jami'a, wadda galibi ake farawa ranar 7 ga Yuni. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajista. A ranakunta akan hana busa ham da aikin gini kusa da wuraren zama, 'yan sanda su kai wanda ya makara a kan babur. An dawo da ita a 1977 bayan hargitsin juyin al'adu, amma tushenta ya fi haka nisa: kimanin shekara 1,300 sarakunan Sin na ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, sai a 1905 aka soke. Shi ya sa iyaye suka ɗauke ta ƙofar da ɗan manomi zai iya bi ya wuce ɗan mai kuɗi, kuma suka yarda naci ke kawo ilimi, ba baiwa ba. Peter Hessler, marubucin Amurka da ya sa tagwayensa mata a firamaren gwamnati a Chengdu a 2019 ba su jin Sinanci, ya tarar aikin gida ya zama aikin iyaye ma, ga saƙonni na kai-komo dare da rana a zauren WeChat na ajin. Wanda ya zauna shekara biyu kamarsa yana ganin wannan; ɗan ziyarar yini ɗaya sai fareti.

Wani ɗakin da ba a cika kai baƙo ba shi ne na malamai. A Shanghai malamin lissafi, ko a firamare, lissafi kaɗai yake koyarwa, galibi darasi biyu a yini. Sauran lokacin yana duba aikin yara a ranar da suka yi shi, yana shirya darasin gobe tare da abokan aikinsa, ko yana zaune a bayan ajin wani yana kallon yadda yake koyarwa. Ingila ta fara musayar malaman lissafi da Shanghai a 2014. Salon tsayawa gaban allo ya kwafu cikin sauƙi, amma malamin Ingila da ke riƙe da aji ɗaya a duk darussa daga safe har tashi, ina zai sami wannan sarari?

Wani zai ce ai sakamako ya nuna: Shanghai ta zo ta ɗaya a gwajin PISA na duniya a 2009 da 2012. Gaskiya ne, kuma ya isa amsa ga masu cewa hadda ce kurum, don gwajin yana neman yaro ya yi aiki da abin da ya sani. Sai dai ko a 2018 yankuna huɗu ne kawai na babban yankin ƙasar aka gwada, Beijing da Shanghai da Jiangsu da Zhejiang, duk cikin masu arziki. Ɗan leburan da ya taso a birni, rajistar gidansu ta hukou na ƙauye, sau da yawa dole ya koma lardinsu ya zauna jarrabawar. Ba makarantarsa ake kai baƙi ba.

Gwamnatin Sin da kanta ba ta ɗauki dogayen sa'o'in karatun nan abin alfahari ba. Fiye da rabin yaran ƙasar ba sa ganin nesa sai da tabarau, tausar ido ba ta hana ba. A Yulin 2021 aka haramta wa kamfanoni cin riba da darasin bayan makaranta a manyan darussa, aka hana ba 'yan aji ɗaya da biyu rubutaccen aikin gida, aka ƙayyade wa sauran 'yan firamare awa guda. Manyan kamfanonin suka durƙushe, darasin kuwa ya koma falon gidaje a ɓoye, kuɗinsa ya hau, tunda ba a taɓa jarrabawar da ta haife shi ba.