Kainuwa a Bakin Iyaka

A wurinmu kainuwa dashen Allah ce, tana yawo bisa kududdufi ba mai waiwayarta. A Turai kuwa da kuɗi aka riƙa sayenta, a sa cikin akwatin gilashin kiwon kifin ado, har ta kai Tarayyar Turai ta haramta cinikinta daga 2024, domin idan ta kuɓuce ta faɗa kogi, rufe fuskar ruwan take yi ruf.

Irin wannan fargaba ce ta haifi tsaurin da mai ɗanyen tsiro ke gamuwa da shi a iyakoki. Sai ya nuna takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito, da izinin shigo da shi. A Najeriya hukumar NAQS ce ke da wannan hurumi, don haka biyan kuɗin kwastam kaɗai ba ya fid da kaya. Laka da ke maƙale a saiwa ma abin tuhuma ce, saboda ƙwan ƙwari da na dodon koɗi a nan suke ɓuya.

Fargabar tana da tushe. Wata ciyawar ruwa mai shuɗin fure, 'yar asalin kogin Amazon, kyanta ne ya sa aka yaɗa ta a duniya. Ta ɓulla a ruwayen Legas a 1984, ta kuma addabi masunta a kogin Neja wajen Yamai. Manoman tumatir na Katsina da Kano da Kaduna ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, ita ma daga Kudancin Amurka, ta cinye gonaki. Birnin Katsina da ke shan ruwan dam ɗin Ajiwa bai kamata ya ɗauki wannan binciken iyaka da wasa ba.

Inda nake ganin kuskure shi ne yawan rufe ƙofar kanta. An rufe iyakar Jibiya a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Shinkafa da makamai da siyasa ne suka jawo rufewar, amma ta shafi kowa. Buhun hatsi yana iya jiran sati a Magama, bakin iyakar Jibiya. Dashe ba ya iyawa, balle tsiron ruwa, wanda yini guda a zafin bazara ya isa ya dafa shi cikin leda.

Saboda haka mai kaya daga Maraɗi sai ya ɗora wa ɗan babur, a bi ɓarauniyar hanya. Can babu jami'in da zai duba ƙarƙashin ganye ko ya wanke saiwa, kuma wanda ya saba da hanyar daji a shekarun rufewa da wuya ya dawo layin takarda don an buɗe ƙofa. Tsiron yakan iso lambun mai saye a cikin birni da lakarsa, da duk abin da ke cikinta.