Amsoshin Wasiƙunku: In Ƙaramin Jirgi Mai Rimot Ya Faɗo, Me Za A Duba?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki. Ya ce ya saya wa ɗansa ƙaramin jirgin saman nan da ake sarrafawa daga ƙasa da rimot, sai ya faɗo a gona, fiffike ya tsage. Shin in an liƙe da gam, shi ke nan sai a sake tayarwa?

To malam, amsa a taƙaice ita ce a'a. Tsagewar da ido ya gani ita ce ƙaramar matsala. Ɓarnar da ke ɓoye ce take sake kayar da jirgi, wani lokacin ma ta jawo gobara.

Da farko dai, cire batirin jirgin kafin ka kashe rimot, don kada farfela ta tashi ta yanke ka. Sannan ka tsince duk gutsattsarin da suka warwatse, komai ƙanƙantarsu.

Batirin nan shi ne babban abin tsoro. Yawancin jiragen nan suna amfani ne da batirin litiyam mai laushin jiki. Kowane ɗaki na cikinsa kan nuna volt 4.2 in ya cika, kuma ba a so ya sauka ƙasa da volt 3. Mai gyaran rediyo zai iya auna maka da mitarsa. In ka ga batirin ya kumbura, ko ya lotsa, ko yana zafi, kada ka sa shi caji, kada ka sa shi a aljihu. Ajiye shi a waje bisa yashi, nesa da rumbu, da kara, da jinka, domin yakan kama da wuta ko bayan an jima. Irin wannan batiri ya gama aiki.

Na biyu, farfela. Ita ba a liƙe ta ko kusa. Tana juyawa sau dubbai a minti guda, in tana da tsaga za ta fizge ta sami idon wani. Sauya sabuwa. Daga nan sai ka juya injin da hannu. In ka ji yana ƙarƙar, yashi ya shiga, sai a hure shi. In kuwa sandarsa tana rawa, ta lanƙwashe ke nan.

Na uku, akwai wasu 'yan injuna masu haƙora a ciki, su ke motsa jela da gefen fikafikai. Taɓa su a hankali. In suna suɓucewa ko suna ƙara, haƙori ya karye.

Sai kuma gangar jiki. Wasu da katakon balsa ake yin su, wani itace maras nauyi da ake samu mafi yawa daga ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka. Wasu kuma da farin abin nan mai kama da wanda ake tokare sabuwar rediyo da shi a kwali. To a kula, sufa-gulu yakan narkar da irin wannan. Gam mai haɗi biyu ya fi, amma kaɗan za a shafa, gama nauyi abokin gabar jirgi ne.

In ka gama gyara, mayar da lafiyayyen batiri, ka ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fikafikai, wajen kashi ɗaya bisa uku na faɗinsu daga gaba. Ya kamata ya daidaita kamar sikeli, ko hanci ya ɗan sunkuya. In jela ce ta rinjaya, kada ka tayar, ba zai saitu a sama ba.

Daga ƙarshe, cire farfela, wani ya riƙe jirgin, kai kuma ka ja da baya kamar taku 30, ka gwada ko yana bin umarnin rimot daidai. Tashin farko kuma a yi shi a fili, nesa da mutane, da dabbobi, da wayoyin lantarki.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.